Randa mai fenti da tsoron dalma a kofin ƙasa

Kayan ƙasa sun dawo yayi. Ka shiga sabon otal ko gidan shan shayi a Abuja ko Kano, sai ka tarar da tulu a kusurwa, kujerun gora, faifai a jikin bango, fitila cikin ƙwarya, a kawo maka zoɓo a kofin yumɓu mai ƙyalli. Masu tsara ɗakuna suna cewa sun haɗa na da da na yanzu. Tare da yayin kuma sai ga jita-jita tana zagaya wayoyi, wai duk kofi ko kwanon da aka yi da ƙasa akwai dalma a cikinsa. Wasu suka tsorata suka koma roba, wasu suka ce ai abin da aka haƙo daga ƙasa ba ya cutarwa. Ɓangarorin biyu suna magana kamar yumɓu iri ɗaya ne, alhali wutar da aka gasa shi da ita da abin da aka shafa masa su ne ke raba gardamar.

Maginiyar tukwane a ƙauye tana gasa kayanta a fili, da kara da ciyawa da itace, zafin da wuya ya wuce digiri 900 a ma'aunin Salshiyas. A wannan zafin yumɓu yana ƙarfi amma ba ya narkewa ya haɗe, sai a bar ƙananan ƙofofi a jikinsa waɗanda ido ba ya gani. Ta nan ruwan randa ke tsattsafowa waje, iska ta busar da shi, bushewar ta tafi da zafin ruwan da ke ciki. Gumi randa take yi kamar mutum, kuma wanda ya shafe ta da fentin mai don ta dace da kalar labule ya sa mata rigar leda ne a zafin Afrilu. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi a yayin nan: a sayi randa da tsada, a toshe mata ƙofofi da fenti, sannan a zauna ana cewa tukwanen yanzu ba sa sanyi kamar na kakanni. Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta daga Jigawa, da wannan tsattsafowar ya yi aiki. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, kayan miya suka riƙa kwanaki ba su lalace ba, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000.

Kofin da ke ƙyalli kuwa wani aiki ne daban, kuma ba yau aka fara shi a ƙasar nan ba. A farkon shekarun 1950 wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. A fadar Sarki Sulaimanu Barau ya ga tulunan wata Bagwariya, Ladi Kwali, wadda ta koyi gini a wurin 'yar'uwar iyayenta. Ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko. Ta ci gaba da gina tulunanta da hannu, tana zana musu kunama da ƙadangare da kifi da hawainiya, amma yanzu da wani irin yumɓu mai jure wuta, a shafa masa ruwan gilashi, a gasa a rufaffen tanderu da zafin da ya haura digiri 1,200. A nan yumɓun yana haɗewa ya zama kamar dutse. Tulunan suka yi kyau, aka baje su a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Ladi Kwali digirin girmamawa a 1977, yau hotonta ne a bayan naira 20. Sai dai sun yi nauyi, kuma ba sa tsattsafowa, don haka ba sa sanyaya ruwa. Sun tashi daga gindin bishiya sun koma kan teburin ado, kuma masu yin su sun san cinikin da suka yi. Mai fenti a yau bai sani ba.

To ina dalmar take? Ba a jikin tukunyar da ba a shafa wa komai ba, sai fa in daga gurɓatacciyar ƙasa aka haƙo yumɓun, irin ta wuraren sarrafa zinariya a Zamfara inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a 2010. Hatsarin da aka sani yana cikin shafin gilashi mai arha. Dalma tana sa shafin ya narke a ƙaramin zafi ya ba da sheƙi, don haka mai son rage kuɗin wuta yakan yi amfani da ita, kuma Meziko ta daɗe tana fama da wannan a tukwanenta na gargajiya. Abinci mai tsami ne ke jawo ta daga jikin kwano: kunun tsamiya, zoɓo, miyar tumatir, lemon tsami. Tafasawa ba ta kashe ta, wanki ba ya fitar da ita, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta da za a ce ba shi da illa, musamman ga ƙwaƙwalwar yara. Shafin da ake gasawa a babban zafi, irin na Suleja, ba ya buƙatarta, tokar itace da garin duwatsu ne ke ba shi ƙyalli. Ke nan abin tuhuma ya fi karkata ga tangaran mai arha mai jan zane da ruwan lemo, wanda ba a san inda aka yi shi ba, da kuma tukunyar ado da aka yi wa fenti har ciki wani ya zuba mata fura.

Ƙyalli ma ba dole sai da gilashi ba. Maginanmu suna goge tukunya da santsin dutse kafin ta gama bushewa, wasu su yayyafa mata ruwan makuba tana fitowa daga wuta. Magdalene Odundo, 'yar asalin Kenya da ta je cibiyar Abuja a 1974 ta ga aikin Ladi Kwali, da guga ta yi suna, kuma tukwanenta suna manyan gidajen tarihi na duniya.

Kujeru da tebura ma haka batun yake. Ɗanyen katako, ko wanda aka haɗa a damshin Legas, in ya sha hunturun Kano sai ya tsuke ya tsage, a ɗora wa kafinta laifi, alhali itacen ne ba a bari ya bushe ba. Kuma cewa abu daga daji yake ba ta wanke shi. Madobiya, wadda aka yi ta sarewa a Taraba ana kaiwa Sin don yin kujerun alfarma, ta yi ƙarancin da ya sa a 2017 aka shigar da ita jerin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Gora da tukurwa da kaba suna sake tofowa cikin 'yan shekaru, madobiya kuwa sai an jira shekaru masu yawa.

Mai saye ba zai gane dalma da ido ba, aikin ɗakin gwaji ne. A wasu ƙasashe ana buga wa kwanon ado rubutu a gindi cewa ba na abinci ba ne. A kasuwanninmu na ado da na miya a tabarma ɗaya ake baje su, mai sayarwa bai san zafin da aka gasa su ba, kuma hukumomin da ke da na'urar gwajin ba a cika ganinsu a layin 'yan tangaran ba.