Irin Gida da Manhaja Mai 'Yanci

'Yan'uwa manoma na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, yau maganar kwamfuta za mu yi. Kada wani ya ce ina ruwan manomi da ita. Tun shekarar 2015 duk yaron da ke son shiga jami'a sai ya rubuta jarrabawar JAMB a kan kwamfuta. Yaranmu da yawa kuwa ranar jarrabawar ce ranar da suka fara taɓa ta. Ga kuma tsofaffin kwamfutoci a makarantu da ofisoshin ƙungiyoyin gama kai, ƙura ta rufe su, an ce sun mutu. Da yawa ba su mutu ba.

Mene ne babbar manhaja?

Kwamfuta ƙarfe ce kawai. Abin da ke sa ta aiki shi ne manhaja, wato umarnin da mutane suka rubuta mata. A cikin manhajoji akwai babba, wadda take farkawa da zarar an kunna na'ura, ita ce kuma ke riƙe da sauran. Wadda aka fi sani ita ce Windows ta kamfanin Microsoft. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro, sai ga wanda ya shiga wani shirin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuwa ba ta yarda da yawancin tsofaffin na'urori. To, mu da muke sayen na hannu, ina muka nufa?

Misalin iri

Tun zamanin Aikin Gona na Funtuwa da aka fara a 1975 masara ta zauna da gindinta a yankin nan. Kowa ya san masara mai aure tana ba da amfani. Amma in ka ware iri daga abin da ka girba, baɗi ba za ta yi kamar bana ba, sai ka koma ka sayi sabo. Dawar gida fa? Ka zaɓi zangarniya mai kyau ka adana. Ka shuka, ka ba maƙwabci, shi ma ya ba wani. Ba ka neman izinin kowa.

Haka manhaja take. Akwai wadda aro ce aka ba ka da sharaɗi: ba ka ganin cikinta, ba ka da ikon kwafa wa ɗan'uwanka. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Akwai kuma mai 'yanci. A 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya fara aikin da ya kira GNU domin a sami irin wannan. 'Yancin guda huɗu ne: ka yi aiki da ita yadda kake so, ka duba rubutun da aka gina ta da shi, ka sāke shi, ka kwafa ka ba wani, ka kuma raba wa jama'a gyaran da ka yi. A 1991 wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fito da Linux. Duk mai wayar Android yana ɗauke da Linux a aljihu, ko bai sani ba.

Waɗanda ba a cika jin sunansu ba

Puppy Linux. Barry Kauler ne ya fara ta a Ostareliya a 2003. Ƙarama ce ƙwarai, tana tashi daga filashi, tana kuma gudu a na'urar da ta gaji.

Emmabuntüs. A Faransa aka fara ta a 2011 musamman domin farfaɗo da kwamfutocin da mutane suka bayar kyauta. An yi aiki da ita a makarantun ƙasar Togo.

FreeBSD da NetBSD. Waɗannan ba Linux ba ne. Asalinsu daga Jami'ar Kalifoniya ne da ke Berkeley, dukansu sun fito a 1993. Na'urar wasa ta PlayStation 4 da samari ke bugawa a kan FreeBSD aka gina manhajarta. Suna da ƙarfi, amma sai da gwani.

FreeDOS. Jim Hall ya fara ta a 1994. In ka sayi sabuwar kwamfuta mai rahusa ka kunna, ka ga baƙin allo da 'yan haruffa, sau da yawa ita ce. Na'urar lafiyarta lau, jira take a saka mata wata manhajar.

Haiku da ReactOS. Haiku tana da sauri da sauƙi. ReactOS ƙoƙari ne na yin mai 'yanci da za ta karɓi manhajojin Windows. Dukansu har yanzu gwaji ake yi. Kada a ɗora musu lissafin kuɗin ƙungiya.

A ƙasarmu ma an taɓa yi. A shekarun 2000 wani kamfani a Legas ya fitar da Wazobia Linux da Hausa da Yarbanci da Ibo. 'Yancin gyara ne ya ba shi wannan dama. Daga baya aikin ya tsaya. Iri ko na gida ne, in ba a shuka shi ana adanawa, ɓacewa yake yi.

Amfaninta a karkara

Mun tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da namu ukun nan. Manhajar da sai ta tambayi kamfani ta intanet kafin ta yarda da kai, a irin wannan lokaci wahala ce. Mai 'yanci kuwa mutum ɗaya ya sauke ta a inda akwai intanet, ya kawo a filashi, a saka wa na'ura goma. Ba sata ba ce, doka ta yarda. Tare da ita akwai LibreOffice domin wasiƙu da lissafin taki da bashi. Akwai Kiwix, wadda ke buɗe Wikipedia ta Hausa ba tare da intanet ba.

Kafin a fara

Na ɗaya, a kwashe takardun da ke cikin na'urar a ajiye a wani wuri, gama sakawa tana iya goge kome. Na biyu, a gwada daga filashi tukuna, a ga ko firinta za ta yi aiki. Na uku, wanda bai saba ba ya fara da dangin Linux. Na huɗu, manhajar kyauta ce, amma mai sakawa a biya shi ladan aikinsa. Na biyar, a koya wa mutum biyu ko uku, har da 'yan mata, domin in ɗaya ya tafi birni aikin kada ya tsaya.

A taron ƙungiya mai zuwa, a tambayi shugaban makaranta kwamfuta nawa ke kwance a sito. A kakkaɓe ɗaya a gwada. Da tsohuwar zuma ake magani.