Faifai ya fi mai shi tafiya: labarin mawaƙi Rodriguez



A hirarmu ta yau za mu yi tafiya mai nisa, har ƙasar Amurka. Za mu ba ku labarin wani mawaƙi da faifansa. Wannan mutum ya yi shekara da shekaru yana aikin lebura a garinsu. Bai san cewa a wata ƙasa ta Afirka dubban mutane sun hardace waƙoƙinsa ba. Ku bi mu sannu a hankali. Za ku ga yadda waƙa ta ke shiga faifai, da yadda faifai ya ke tafiya, da inda kuɗinsa ya ke maƙalewa.

Wane ne shi?

Sunansa Sixto Rodriguez. Ku karanta shi haka: Sisto Rodrigez. An haife shi ran 10 ga watan Yuli na 1942 a Detroit, babban birnin ƙera motoci na Amurka. Iyayensa talakawa ne. Daga ƙasar Meksiko suka zo neman aiki. Shi ne ɗansu na 6.

Kun san mawaƙa iri-iri ne. Akwai wanda a ke tsara wa waƙa, shi nasa rerawa. Akwai kuma wanda shi ke tsara kalmomi, ya ɗora musu kiɗa, ya rera da bakinsa. Rodriguez yana cikin na biyu. Abin kiɗansa gita, wato molon Turawa mai tsirkiya 6.

Bai bi hanyar da kasuwa ta fi so ba. Ba ya wasa mai kuɗi, ba ya kiɗa domin rawa kawai. Yana waƙar abin da ya ke gani a unguwa: talauci, masu sayar da ƙwaya, manyan da ba su cika alkawari, da ƙaunar da ta lalace. Mutum ne mai kunya ƙwarai. A gidajen shaƙatawar da ya ke kiɗa da dare, sau da yawa baya ya ke juya wa jama'a.

Yaya a ke yin faifai?

Kafin mu ci gaba, ya kamata ku san wannan aiki. Yana da mataki 4.

Na 1, mawaƙi ya sa hannu a takarda da kamfanin faifai. Takardar ce ke faɗin rabon kowa.

Na 2, a shiga ɗakin ɗaukar murya. A nan ma'aikata su ke naɗe waƙa, su gyara ta.

Na 3, kamfani ya buga faifai masu yawa, ya rubuta sunan mai waƙa a kan kowane.

Na 4, a kai gidajen rediyo da kantuna. Kamfani kuma ya kan ba wani kamfani na wata ƙasa izinin bugawa a can.

Duk faifan da aka sayar, mawaƙi yana da kaso a ciki. Amma kuɗin ba daga hannun mai saye zuwa hannunsa su ke zuwa ba. Sai sun bi ta kanti, sun bi ta kamfanin waccan ƙasa, sun bi ta kamfanin gida. Kamar masaƙi ne da ya ba dillali zane ya kai kasuwa mai nisa. In dillali bai komo ba, masaƙi bai san ko zanen ya sayu ba.

Faifai biyu, kasuwa babu

A 1967 Rodriguez ya fitar da ƙaramin faifai na farko. Bai yi nisa ba. Daga baya wasu gwanayen kiɗa biyu, Mike Theodore da Dennis Coffey, suka ji shi a wani gidan shaƙatawa kusa da kogin Detroit. Suka kai shi ɗakin ɗaukar murya.

A 1970 kamfanin Sussex ya fitar da babban faifansa na farko, mai waƙa 12. Sunansa Cold Fact, kamar mu ce "gaskiya tsagwaronta". A 1971 na biyu ya fito, mai waƙa 10. Sunansa Coming from Reality. A birnin Landan na Ingila aka ɗauke shi.

Masu aikin sun yi zaton za a yi rububi. Ina! A Amurka ba a kula da su ba. Kamfani ya sallame shi. A 1975 kamfanin da kansa ya rufe.

Rodriguez bai zauna yana kuka ba. Ya koma aikin ƙarfi: rushe tsofaffin gidaje, kwasar ɓaraguzai, gyaran gini. A 1976 ya sayi wani kangon gida a gwanjon gwamnati a kan dola 50, kuɗin Amurka. Ya gyara shi, ya zauna ciki. Bai bar karatu ba, har ya gama jami'a a 1981, yana dab da shekara 40. Ya sha tsayawa takara a birninsu, bai taɓa ci ba.

A ƙasar Ostareliya ne kaɗai ya san ana jin sa. Ya je can ya yi wasa a 1979 da 1981. Daga nan ya komo gida, ya sake ɗaukar guduma.

Abin da ya faru a Afirka ta Kudu

Shi yana Detroit, faifansa kuwa ya ƙetare teku. Tun farkon shekarun 1970 aka fara buga Cold Fact a Afirka ta Kudu. A lokacin ƙasar tana ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata. Gwamnati ce ke zaɓen abin da mutane za su ji da abin da za su karanta.

Samari da ƴan mata, yawancinsu farar fata da suka gaji da wannan mulki, suka ji mutum yana faɗin magana ba tsoro. Suka riƙe faifan hannu biyu. Wanda ya saya sai ya naɗa wa abokinsa a kaset, abokin ya naɗa wa wani. Gidan rediyon gwamnati ya hana sa wata waƙarsa mai suna Sugar Man, domin tana maganar ƙwaya. Har da tsinke aka karce wurin waƙar a kan faifan gidan, don kada wani ma'aikaci ya sa ta. Hanin nan bai rage mata farin jini ba. Ana ƙiyasta cewa an sayar da faifai wajen rabin miliyan a ƙasar.

Amma wa ya san mai waƙar? Babu. A kan faifan ma sunayen sun rikice. An rubuta sunan Jesus Rodriguez a matsayin mai tsara wasu waƙoƙi, an rubuta wani laƙabi dabam a kan wasu. Da labari ya ƙi samuwa, sai jita-jita ta cike gurbi. Aka baza cewa ya kashe kansa a gaban ƴan kallo. Mutane suka yarda.

Kason kuɗinsa fa? Bai iso hannunsa ba. Ko wasiƙa bai samu ba.

Yadda aka gano shi

Mutum biyu a Afirka ta Kudu suka ce sai sun san gaskiya. Ɗaya mai son waƙoƙinsa ne, Stephen Segerman. Ɗaya ɗan jarida ne, Craig Bartholomew Strydom. Suka bi sawun kuɗi daga kamfani zuwa kamfani, hanya ta toshe. Sai ɗan jaridan ya koma ga kalmomin waƙa. A cikin wata ya ji sunan wani gari, Dearborn. Ya buɗe taswira, ya ga garin yana maƙwabtaka da Detroit. Ta haka ya samu Mike Theodore ta tarho a 1997. Ya tambaye shi yadda mawaƙin ya mutu. Sai aka shaida masa cewa mutumin yana nan da ransa.

A wannan lokaci kuma wata ɗiyar Rodriguez ta ga cigiyar ubanta a intanet. Ta ba da amsa.

A watan Maris na 1998 Rodriguez ya sauka a birnin Cape Town, yana da shekara 55. Ya yi wasa 6 a ƙasar, kowane wuri ya cika maƙil. Makaɗan da suka raka shi ƴan ƙasar ne, sun riga sun san kiɗan. Ku duba wannan abu: lebura ya hau dandali, ya tarar dubban mutane suna rera waƙar da ya tsara shekara kusan 30 baya.

Da ya gama, ya komo tsohon gidansa.

Ƙarshen tafiya

Mutanen ƙasarsu su ne na baya wajen sanin sa. A 2008 da 2009 wani kamfani mai suna Light in the Attic ya sake buga faifan nan biyu a Amurka. A 2012 wani ɗan ƙasar Suwidin, Malik Bendjelloul, ya fitar da fim a kan labarin. A 2013 fim ɗin ya ci Oscar, babbar kyautar sinima ta Amurka. Rodriguez bai je wurin bukin ba.

Daga nan ya zaga ƙasashe da yawa yana wasa, ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Ya rasu ran 8 ga watan Agusta na 2023, yana da shekara 81. Duk rayuwarsa manyan faifai biyu kaɗai ya yi a ɗakin ɗaukar murya. Waƙa 22 ke nan.

Me za mu riƙe?

Abu na farko, rashin kasuwa a gida ba ya nuna aiki bai da kyau. Faifan da aka ƙi a Amurka shi ne aka yi rububinsa a Afirka ta Kudu. Ko harafi ɗaya ba a sake a cikinsa ba.

Abu na biyu, waƙa in ta shiga faifai ta rabu da mai ita. Tana iya zuwa inda bai taɓa takawa ba. Abin da ke haɗa ta da shi biyu ne: sunan da aka rubuta a kai, da takardar da aka sa wa hannu. In sunan ya rikice, ko takardar ta ɓace a hannun dillalai, wani ke noma wani ke ci.

Abu na uku ya shafe mu, mu masu saurare. Jiya a kaset mu ke naɗar waƙa, yau daga tarho zuwa tarho mu ke tura ta. Waƙar tana yaɗuwa, mai ita yana samun suna. Amma suna ba ya cika tukunya.

Ga tambayoyi 3 da za ku tattauna a tsakaninku:

1. Ta hannun su wa kuɗin faifai su ke bi kafin su iso ga mawaƙi?
2. Me ya sa mutanen Afirka ta Kudu suka yarda cewa Rodriguez ya mutu?
3. Waƙar da kuka fi so, kun san wanda ya tsara ta? Kun san abin da ya samu a kanta?

Sai mun haɗu a hira ta gaba. Mu kwana lafiya.