Erwin Chargaff: Masanin da ya ƙidaya haruffan DNA

Duk wanda ya yi darasin ilimin halittu ya ji labarin Watson da Crick, waɗanda a 1953 suka bayyana siffar DNA, sinadarin da ke ɗauke da gadon kamanni daga iyaye zuwa 'ya'ya. Erwin Chargaff kuwa ba kowa ya san shi ba, alhali ƙidayarsa na cikin abubuwan da suka share musu hanya.

An haife shi a 1905 a Czernowitz, garin da yanzu ke ƙasar Yukren. Ya yi digirin digirgir kan ilimin sinadarai a Biyana. Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933 yana aiki a Barlin, kasancewarsa Bayahude sai ya fice zuwa Faris, a 1935 kuma ya kama aiki a Jami'ar Kolombiya da ke Amurka. Mahaifiyarsa ba ta tsira ba. 'Yan Nazi sun kwashe ta daga Biyana.

A lokacin, yawancin masana sun ɗauka furotin ne ke ɗauke da gado. DNA kuwa ana ganin ba ta da wani sirri, haruffanta huɗu, A da T da G da C, maimaita kansu kawai suke yi. A 1944 Oswald Avery da abokan aikinsa suka nuna cewa DNA ce ke sauya halin ƙwayoyin cuta. Wannan ya sa Chargaff ya karkatar da bincikensa gare ta.

Ya riƙa tatso DNA daga halittu iri-iri, yana rarrabe sinadaran nan huɗu yana auna kowanne. A 1950 ya wallafa sakamakon: yawan A daidai yake da na T, na G daidai da na C. A jikin ɗan Adam, A da T kowanne kusan kashi 30 cikin ɗari ne, G da C kusan 20. Kason kuma yana bambanta daga halitta zuwa wata.

Dalilin daidaiton ne ya gagare shi. A 1952 ya haɗu da Watson da Crick a Kembirij ya faɗa musu abin da ya gano. Su suka fahimci cewa DNA igiya ce mai tufka biyu, A tana kama T, G tana kama C.

An ba su lambar Nobel a 1962 tare da Maurice Wilkins, babu Chargaff, abin kuma ya yi masa ciwo. Daga baya ya riƙa gargaɗi kan sauya ƙwayoyin gado. Ya rasu a 2002, kuma har yau ɗalibai na karanta wannan daidaito da sunan ƙa'idar Chargaff.