Daga Dungu zuwa Kano: a fara kwana a Daura

Ga mutumin Dungu da ke Nijar, fita ƙasar waje ba sai da jirgin sama ba. Mota ce zuwa Matamai, daga nan a miƙe Ɗan Barto, a tsallaka Kwangwalam, sai ga shi a Najeriya. Harshe ɗaya ne, agogo ma bai sauya ba. Wannan sauƙin ne ke sa da yawa su wuce Daura ba su ko sauka ba, idonsu na kan Kano kawai. Asara ce babba.

Daura gari ne da baƙo zai zaga a ƙafa. Nan Rijiyar Kusugu take, wadda labarin kaka da kakanni ya ce Bayajidda ya kashe macijin da ya hana ɗibar ruwanta sai ranar Juma'a. An gina mata ɗaki, kuma har yau ana jawo ruwa da guga a miƙa wa mai ziyara ya kurɓa. Fadar sarki na kusa. Wanda ya daidaita tafiyarsa da watan Maulidi zai tarar da hawan Sallar Gani. Kwana ɗaya a nan ya isa mutum ya saba da lissafin naira kafin ya shiga inda ciniki ke gudu.

Kano kuwa tana son kwana uku. Da sanyin safiya a hau Dutsen Dala a ga birnin a shimfiɗe. Sai marinar Ƙofar Mata, inda ake tsoma zane a baba tun 1498, da Gidan Makama, da lungunan Kasuwar Kurmi ta zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Sayayyar atamfa a Kantin Kwari a bar ta ranar ƙarshe, kada kuɗin komawa ya narke. Kada kuma a tsaya jiran kabu-kabu: an hana acaɓa a birnin tun 2013, adaidaita sahu ake shiga.

Batun takardu ba na wasa ba ne. Iyakar ta rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba ta buɗe ba sai Maris 2024, sannan Nijar ta fice daga ƙungiyar CEDEAO a Janairun 2025. Don haka a riƙe katin ɗan ƙasa da na rigakafin shawara, a kuma tambayi direbobin tashar Matamai halin da hanya ke ciki. Sefa kaɗan za a canza a bakin iyaka, saura a kai wa ƴan canjin Wapa a Fagge.