Jan-baki (tsuntsu)

Jan-baki (sunan kimiyya: Quelea quelea) wani ƙaramin tsuntsu ne mai cin hatsi da ake samu a Afirka kudu da hamadar Sahara. Tsawonsa kimanin santimita 12 ne, nauyinsa kuma giram 15 zuwa 26. Ya samo sunansa ne daga jan bakinsa. An ƙiyasta adadinsa ya kai biliyan 1.5, shi ya sa ake ɗaukarsa a matsayin tsuntsun daji mafi yawa a duniya.

Abinci da ɓarna

Asalin abincin jan-baki 'ya'yan ciyawa ne, amma yana afka wa gero, dawa, shinkafa da alkama, musamman lokacin da hatsi ya fara ƙosawa. Tsuntsu ɗaya yana cin kusan giram 10 a rana, wato garke mai tsuntsaye miliyan 2 zai iya cinye tan 20 kafin faɗuwar rana. A Najeriya ya fi addabar jihohin Kebbi, Sakkwato, Jigawa, Yobe da Borno. Yana bin ruwa da abinci tsakanin Najeriya da Nijar, don haka ƙauyukan kan iyaka irin su Riƙo a ƙaramar hukumar Jibiya ta jihar Katsina, da gonakin rani na madatsar ruwan Jibiya da ke kan kogin Gada, suna cikin yankin da yake ratsawa.

Hanyoyin kora

Manoma suna kafa mutum-mutumi, suna ɗaura gwangwanaye a igiya suna kaɗawa, ko su yi jifa da majajjawa da danƙo. Wasu suna lulluɓe gona da raga. Tsaron tsuntsu aiki ne na tun asuba har magariba, kuma galibi yara ne ke yinsa, abin da kan hana su zuwa makaranta.

Gwamnati kan yi feshi da jirgin sama a wuraren kwanan tsuntsayen, da maganin fenthion. Maganin yana kashe wasu tsuntsayen da ba su da laifi, kuma cin naman waɗanda feshi ya kashe yana da haɗari ga lafiya.

Harbi

A ƙasashe irin su Amurka akwai ƙaramin harsashi samfurin .22 CB mai ƙarancin ƙara, wanda wasu ke harbin tsuntsaye masu ɓarna da shi. Rashin ƙara ba ya kawar da haɗarinsa: harsashin yana iya ji wa mutum mummunan rauni, kuma yakan daki bango ko dutse ya sauya hanya, shi ya sa garuruwa da dama suka hana harbi a cikin unguwanni. Harbi ɗai-ɗai kuma ba ya rage garken dubban tsuntsaye.

A Najeriya, dokar mallakar bindigogi ta 1959 ta haramta riƙe bindiga ba tare da lasisi ba, har da bindigar iska. A yankin Jibiya, inda ake fama da 'yan bindiga, ɗaukar makami zuwa gona yana iya jawo wa manomi zargi ko kamu.