Shekarar Farko A Jami'a: Inda Ba Mai Buga Maka Ƙararrawa

(Kiɗan buɗe shiri, sai a sassauta shi)

 Shirinmu na yau jami'a zai kai mu, amma ba ofishin shugaban jami'a za mu ba, ba kuma zauren farfesoshi ba. Wajen 'yan aji ɗaya muka nufa, sababbin shiga, waɗanda tsofaffin ɗalibai ke tsokana da Jambito. In ɗanku ko 'yarku na cikin waɗanda suka samu gurbi a bana, ko kuwa kai ne da kanka, to a gyara zama.

Samun gurbin kansa ba ƙaramin abu ba ne. A 'yan shekarun nan sama da mutum miliyan ɗaya da rabi ke zana jarrabawar hukumar JAMB duk shekara, wani sai ya zana sau biyu ko uku kafin sunansa ya fito. Ranar da ya fito kuwa gida ya kaure da murna, ana ta Allah ya sanya alheri, goggo ta aiko da ƙuli-ƙuli da yaji, kawu ya ba da na mota. Kowa nasiharsa ɗaya: ka ji tsoron Allah, ka yi abin da ya kai ka. Nasiha ce mai kyau. Sai dai da wuya a samu wanda zai zaunar da yaron ya faɗa masa yadda ake yin abin da ya kai shi ɗin.

Aikin farko rajista. A biya kuɗi ta Remita, a buga takarda a shagon intanet, a yi kwafin sakamakon WAEC ko NECO da takardar haihuwa da ta shaidar ƙaramar hukuma, a bi layin tantancewa, a je asibitin makaranta, a koma sashe neman sa hannu, a tarar mai sa hannun ya shiga mitin. Wannan wahalar ƙafa ce, tana wucewa. Abu ɗaya dai: duk takardar da ka miƙa ka ajiye kwafinta, musamman fom ɗin rajistar kwasa-kwasai. Za mu dawo kansa.

Sai girman wurin. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka buɗe a 1962, gari ce guda: babban mazauninta a Samaru, masu karatun shari'a da harkokin mulki a Kongo, asibitin koyarwa a Shika. Ta Bayero a Kano mazauni biyu gare ta manya, tsoho a cikin gari, sabo a kan hanyar Gwarzo. Ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato kuwa sai ka fita gari ka nufi wajen Dundaye. Yaron da ya saba da sakandare mai ƙofa ɗaya kan shafe mako biyu yana neman zauren lakca, ya shiga wani ya zauna, sai an yi nisa ya gane ajin 'yan shekara ta uku ne.

Wurin kwana ma haka. A Samaru sunayen gidajen kwanan ɗalibai irin su Suleiman da Ɗanfodiyo da Akenzua da Amina da Ribadu sanannu ne ga duk wanda ya yi zamani a can, amma a jami'o'in gwamnati gadaje ba sa isar ɗalibai. Wanda bai samu ba, ko ya raɓe a ɗakin wani, ko ya kama haya a cikin Samaru, ko a Ɗanbare in a Kano yake. Wanda ya samu kuma ya tarar da abokan zama da bai zaɓa ba: ɗaya daga Binuwai, ɗaya daga Kwara, ɗaya daga Yobe. Wannan na son barci da fitila, wancan na waya har ƙarfe biyun dare, wani ya ari bokitinka bai dawo da shi ba. Ni a ganina wannan cakuɗuwa tana cikin manyan alheran jami'a, ko da yake a watan farko ba wanda ke ganinta a haka.

(Ɗan kiɗa)

Bari mu taɓa maganar ciki. Iyayen da suka yi jami'a a shekarun 1970 sukan ba da labarin ɗakin cin abinci, a miƙa tikiti a karɓi faranti, har da kaza ranar Lahadi. Gaskiya suke faɗa. A 1978 ƙarin kwabo hamsin a kuɗin abincin yini ya tayar da zanga-zangar ɗalibai a faɗin Najeriya, wadda aka laƙaba wa sunan Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya a lokacin, har aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya. A tsakiyar shekarun 1980 gwamnati ta janye hannunta daga ciyarwa. Tun daga nan kowa tukunyarsa.

Ku leƙa ɗakin samari da magariba a ƙarshen wata. Risho a lungu, tukunya ɗaya a kai, wake da shinkafa na tafasa. Mutum huɗu suka haɗa: wannan ya kawo shinkafa, wancan manja, na uku yajin da Inna ta daka masa, na huɗu ba shi da komai sai shi aka ɗora wa wanke-wanke. Ɗalibai har lissafi suke wa cin abinci: sifili, ɗaya, sifili, wato ba karin kumallo, ba na dare, sai na rana. In abin ya ƙara tsanani a koma garin kwaki da sukari. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuma jami'o'i da dama suka ƙara kuɗin rajista a shekarar, kuɗin da uba ke turowa ya daina kaiwa inda yake kaiwa a da. A 2024 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, mai biyan kuɗin makaranta da kuma naira 20,000 a wata na kashewa. Bashi ne, ba kyauta ba, ana fara biya shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa. Wanda zai nema ya nema da saninsa.

To amma duk waɗannan, da layi da gado da yunwa, ba su ne suka fi kayar da sabon ɗalibi ba. Abin da ya fi kayar da shi, ba ya ciwo a lokacin da yake faruwa.

A sakandare akwai ƙararrawa, akwai firifet, akwai malamin da zai biyo ka da bulala. A gida akwai Baba mai tashin mutane asuba. A jami'a ba ko ɗaya. In ka kwana har azahar ba wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa. Lakcar ƙarfe bakwai ko takwas ta safe, a zaure mai cin ɗaruruwan mutane, malami bai san sunanka ba, lambarka kawai yake gani a takarda. Sai yaro ya zama kamar akuyar da aka kwance daga turke: yau kallon ƙwallo, gobe hira a dandali, jibi a tafi gida hutun ƙarshen mako a zarce har Talata. Zuciya tana ce masa ai aji ɗaya ne, in an shiga aji biyu a dage.

A nan nake so a kasa kunne, don lissafi za mu yi. A yawancin jami'o'in Najeriya maki 70 zuwa sama shi ne A, darajarsa 5. Daga 60 zuwa 69 B ne, darajarsa 4. Daga 50 zuwa 59 C, 3. Haka ake sauka har zuwa F, ƙasa da 40, wanda darajarsa sifili ce. Kowane kwas yana da nauyinsa, wani biyu, wani uku, kuma ana ninka darajar da nauyin, a tara, a raba da jimillar nauyin. Abin da ya fito shi ne CGPA, kuma ba a share shi a ƙarshen shekara a sake sabon lale. Yana bin ka har ranar da za ka fita. Digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa, mai bi masa daga 3.50.

Yanzu a ce karatun shekara huɗu ne, nauyin kwasa-kwasan kowace shekara daidai yake, kuma ɗalibi ya gama aji ɗaya da 2.00. Kafin ya fita da 3.50, sai ya riƙa samun 4.00 a kowace shekara cikin ukun da suka rage, alhali karatun ƙara wuya yake yi. Daraja ta ɗaya kuwa ta riga ta kuɓuce: ko da A zai ci a kowane kwas har ya gama, 4.25 zai tsaya. Yaro ɗan shekara goma sha takwas, cikin 'yan watanni, ya rufe wa kansa ƙofar da bai ma san akwai ta ba. Tun ran gini tun ran zane.

Kuma F ba ya tafiya shi kaɗai. Kwas ɗin da ka faɗi sai ka sake shi a shekara mai zuwa, abin da ɗalibai ke kira kari-oba, ka ɗora shi a kan kayan aji biyu, wani lokaci lakcarsa ta yi karo da wata. A yawancin wurare sifilin farko yana nan a cikin lissafi ko ka ci daga baya. Sannan maki 30 ko 40 cikin ɗari tun kafin jarrabawa ake raba su, ta tes da aikin gida. Wanda ya tafi biki ranar da malami ya yi tes ɗin ba-zata, da gurguwar ƙafa zai shiga jarrabawa. Akwai kuma dokar halartar kashi 75 cikin ɗari na lakca. Wani malamin ba ya dubawa, wani kuwa a kanta zai hana ka zama.

(Ɗan kiɗa)

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman, mu da muka tashi a gidajen Hausawa. An tarbiyyantar da mu da kunya da kawaici: ba a katse babba, ba a yi masa tambaya a bainar jama'a, ba a nuna an gaza. Tarbiyya ce mai daraja, amma a zauren lakca tana iya cutar da mai ita. Ƙara da maganar Turanci. Ɗalibi ya fito daga makarantar gwamnati inda malami kan yi bayani da Hausa in abu ya cije, yanzu ga farfesa yana zuba Turanci ba birki, ga wasu 'yan aji suna ɗaga hannu suna amsawa. Shi kuwa ya san amsar, tsoronsa kada ya yi kuskure a yi masa dariya. Sai ya yi shiru. Mako ya bi mako, abin da bai gane ba yana taruwa, sai ana saura kwana biyar jarrabawa ya koma kwanan aji, karatu har asuba da ruwan shayi da goro. Irin wannan karatun hadda ce, ana fitowa daga jarrabawa take zubewa.

Alhali taimako yana nan, kyauta. Kowane aji yana da malamin da sashe ya ɗora wa kula da shi, aikinsa ke nan ya duba fom ɗinka ya gaya maka in ka ɗauki kaya fiye da ƙarfinka. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN da ta ɗalibai Kirista ta FCS, da ƙungiyoyin ɗaliban jihohi da na sassa, sukan shirya darasin ƙari inda 'yan manyan aji ke maimaita wa ƙanana abin da aka koyar, sau da yawa cikin harshen da za su gane. Tsofaffin takardun jarrabawa suna hannun waɗanda suka gabace ka. Ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru, da irinsa a kowace jami'a, ba don ado aka gina shi ba. Abin da ake buƙata kawai mutum ya buɗe baki ya ce, “Yaya, don Allah ban gane wannan ba.”

Sai dai a san wanda ake tambaya. Ƙannena mata, wannan taku ce. Makonnin farko akwai masu zagaye, masu cewa “kawo in taya ki rajista”, “ina da hanya a sashenku”, “ba ni lambarki in turo miki takardun bara”. Wani da zuciya ɗaya yake yi, wani kuwa farauta ya fito. Abin da za ki iya samu a wajen babbar ɗaliba mace ko a ofis, ba sai kin karɓa a hannun wanda zai bi ki bashinsa ba. In kuwa malami ne ya nemi abin da bai dace ba, kada ki haɗiye. Ki adana saƙonninsa, ki sanar da gida, ki kai ƙara ofishin kula da harkokin ɗalibai. Samari ku ma, duk wanda ya gayyace ku taro cikin dare a bayan gari, ko ya miƙo muku ƙwaya wai ta hana barci, ku ba shi hanya.

Iyaye, ku ma da naku. In kun kira waya, tambayar “ya karatu?” amsarta ɗaya ce, “Alhamdu lillahi”, ko da yaro yana nutsewa ne. Ku tambayi abin da ba a amsa shi da kalma ɗaya: kwas nawa ka ɗauka, wanne ya fi ba ka wuya, me ka ci yau, su wa kuke ɗaki. In sakamakon zangon farko ya fito, ku ce a nuna muku a waya ku gani da idonku. In bai yi kyau ba kuma, faɗa ba zai gyara ba. A lokacin akwai sauran zango na biyu da za a iya ɗaga shi.

Na ce za mu dawo kan fom ɗin rajistar kwasa-kwasai. Yakan faru ɗalibi ya halarci lakca, ya zana jarrabawa, sakamako ya fito ya ga babu makinsa a wani kwas, ko an rubuta bai zo ba. Wani lokaci kuskuren lamba ne, wani lokaci shi ne bai yi wa kwas ɗin rajista daidai ba. Kada a zauna jiran abin ya gyara kansa. A ɗauki kwafin fom ɗin da katin jarrabawa, a je wurin jami'in jarrabawa na sashe a makon da sakamakon ya fito, a rubuta takardar koke ta hannun shugaban sashe, a riƙe kwafinta ita ma.

Lokaci ya cimma mana, jama'a. 

(Kiɗan rufe shiri)