«Ta ɗagu» da «ta zaunu»: yadda ake ɗora a-kori-kura bisa maɗagi mai almakashi

1. Na'urar da sunanta

Duk lokacin da aka tayar da zancen rubuta littattafan koyon sana'a cikin harsunan ƙasa, tambaya guda ce ke dawowa: shin hausa na iya ɗaukar umurnin da ran mutum ya rataya gare shi? Don amsa ta, mun zaɓi misali ɗaya tak, watau ɗaga mota a-kori-kura, wadda a nan muka fi sani da «bashe», bisa na'urar da ake kira pont élévateur à ciseaux da faransanci. Ƙaramar irin wannan na'ura, ta garejin gida, ta fi yawa a Amurka da Turai, inda mutum kan gyara motarsa da kansa ranar hutu. A garejojinmu rami da kirik ne suka fi yawa. Amma motar kam mun san ta, tun daga Peugeot 404 da 504 har zuwa Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968.

Na'urar ƙarafa ce da aka gitta biyu-biyu, aka haɗa su da ƙusa a tsaka, kamar almakashi. Famfo yana tura mai cikin silinda, silinda ta tura ƙarafan, su miƙe, dandamalin da ke bisansu ya yi sama. Ƙa'idar ita ce wadda Pascal ya bayyana a ƙarni na 17: matsin da aka yi ma ruwan da ke rufe yana isa ko'ina cikinsa daidai wa daida. Lokacin da almakashin ke kwance, silinda kusan a kwance take ita ma, don haka a santimitocin farko ne na'urar ta fi shan wuya.

Fassara pont da «gada» ba ta da amfani, domin babu abin da ake ƙetarewa. Mun gwammace «maɗagi», bisa ƙirar mabuɗi da madubi. Gaskiya ne rubutunmu ba ya nuna karin sauti, saboda haka sunan kayan aiki, mai karin sama duka, da sunan mai aiki, mai faɗuwa a gaɓar tsakiya, kamanninsu ɗaya a takarda. Ƙarin «mai almakashi» ya isa ya warware wannan.

2. Nauyi, da inda yake

Kowane maɗagi yana da iyakar nauyi rubuce a jikinsa. Na gida galibi kilo 2.700 ne zuwa 3.000, kuma suna kai mota mita 1 ko ɗan fiye. Hilux mai ƙofa huɗu, babu kaya, tana wajen tan 2. Manyan a-kori-kuran Amurka masu aiki da gazuwal suna wuce tan 3, watau sun fi ƙarfin irin wannan maɗagi. A sauke kayan da ke baya tukuna, tun ba tano mai ruwa ba, wadda nauyinta ke kai da kawowa. Daɓen ya zama na kankare, shimfiɗaɗɗe, mai kaurin santimita 10 aƙalla bisa ga abin da masu ƙera da dama ke nema. Yashi ko jar ƙasa ba su cikin lissafi. A duba rufi kuma: motar da tsayinta ya kai mita 1,8, in an ƙara mata mita 1, ta tasam ma mita 3.

A nan ne matsalar harshe ta farko take. Takardun faransanci sukan ce centrer le véhicule. Mai fassara cikin gaggawa zai rubuta «a sa tsakiyar mota bisa tsakiyar maɗagi». Yaron gareji kuwa da ya ji «tsakiya» tsawo zai auna, ya raba biyu. To amma a-kori-kura maras kaya ba a tsakiyar tsawonta nauyinta yake ba. Inji da akwatin giya suna gaba, bayan kuwa fanko ne. Fiye da rabin nauyin yana bisa ƙafafun gaba. Wurin da nauyin ya daidaita yana wajen ƙarƙashin kujerar direba. Shi ne ya kamata ya faɗa tsakanin matashai huɗu na maɗagin. Muna ba da shawarar a kira shi «cibiyar nauyi», a kuma hana kalmar «tsakiya» shiga wannan jimla ko kaɗan. Cibiya ma ai ba a rabin tsayin mutum take ba.

Sai wurin da matashan za su taɓa. Ƙaramar mota jikinta ne ƙashinta, ana ɗaga ta ta gefen ƙasan ƙofofi. A-kori-kura ba haka take ba: jikinta ɗore yake bisa shasi, dogayen ƙarafa biyu masu kama da tsani. Shasin ake ɗagawa, a wuraren da littafin motar ya nuna, inda ƙarfen yake miƙe, ba inda ya lanƙwasa ya hau bisa ƙafar baya ba. Da yake shasin ya fi matakin ƙofa da tankin mai nisa da ƙasa a wasu motoci, sai an ƙara ma matashan tsawo da ƙarafan da aka ƙera don haka. Birgi ko guntun itace mai tsaga ba su maye gurbinsu.

3. Aikatau

Yanzu mu zo ga abin da ya fi shafar mu. Tun 1960 Parsons ya kasa aikatau na hausa aji bakwai. Saiwar ɗag- tana ba mu ɗaga (aji na 1), ɗage (na 4), ɗago (na 6) da ɗagu (na 7). Ɗage mu ajiye shi gefe tun yanzu: wanda ya saba jin «an ɗage taro» bai kamata a ce mashi «a ɗage mota» ba. A dubi waɗannan:

(1) An ɗaga mota.
(2) Mota ta ɗagu.
(3) Mota ba ta ɗaguwa.
(4) Mota ta zaunu bisa sakata.

Aji na 7 yana nuna aiki ya kammala sarai bisa abin da aka yi ma shi, kamar «nama ya dafu». Korarsa cikin sigar ci-gaba, kamar a (3), tana nuna abin ba ya yiwuwa, kuma ita ce jimlar da ta dace idan famfo na kuka mota ba ta motsi: a tsaya, a koma ga lissafin nauyi. Haɗarin yana cikin (2). Kunnen Bahaushe yana jin ta da ma'anar «aiki ya ƙare». Alhali motar da ta ɗagu mai ne kawai ke riƙe da ita, kuma tiyo guda in ya fashe, ko roba guda in ta saki, tan 2 za su sauko bisa wanda ke ƙasa.

Abin da ke riƙe mota da gaske ƙarfe ne mai haƙora, da wani harshe da ke faɗawa tsakaninsu yayin da dandamali ke hawa. Shi ke yin ƙarar «ƙas, ƙas» da ake ji. Mun kira shi «sakata», don kowa ya san ta ƙofa. Jin ƙarar bai wadatar ba. Sai an wuce haƙorin da ake so kaɗan, sannan a saki mai har nauyin ya kwanta bisa sakatar, a ɓangarorin biyu, a haƙori ɗaya. A ganinmu jimla ta (4) ce kaɗai ya kamata ta zama izinin shiga ƙarƙashin mota, a koya ma yara ita kamar yadda ake koya masu gaisuwa.

Wannan mataki ma yana da tarkonsa. Faransanci yana cewa redescendre sur les crans. In aka ce «a sauke ta», mai riƙe da maɓalli zai kai ta ƙasa, domin aji na 4 yana nuna aiki har ƙarshensa. «A zaunar da ita bisa sakata» ya fi.

Kafin a kai can akwai gwaji ɗaya da ba a tsallakewa. Da zarar tayoyi sun rabu da ƙasa da kamar santimita 15, a tsaya, a zagaya a dubi matashai huɗun, a kama motar ta baya a girgiza ta da ƙarfi. In za ta zame, gara ta zame daga nan. (Mun so mu ce «ƙasa da taƙi», amma taƙin maigida da na yaronsa ba ɗaya ba ne, a bar santimita.)

Cibiyar nauyi kuma tana ƙaura. Wanda ya cire akwatin giya, ko dukan ƙafar baya da ƙarfenta, ya canza motar da ya ɗora da farko, tana iya yin kifi ta gaba ko ta baya. Kafin irin wannan aiki ana tokare ƙarshen shasi da dogon ƙarfe mai ƙafafu, wanda Faransawa ke kira chandelle. Hausa na da «matokari» tun da daɗewa, babu bukatar ƙirƙira. Haka nan goro mai taurin kai an fi so a sassauta shi tun mota na ƙasa, don fizgar dogon makulli na iya gusar da ita daga bisa matashi.

Wajen saukarwa, umurnin yana kama da saɓani: sai an ɗaga kafin a sauke. Nauyin da ke kwance bisa sakata ba ya barin ta fita, don haka a ɗaga kaɗan, a zare ta, sannan a saki mai a hankali. Kafin haka a fitar da matokari da duk abin da ke ƙasa, mai maɓalli ya ɗaga murya ya ce «za ta sauka», ya jira amsa, kowa ya janye ƙafarsa daga bakin almakashin.